Kabejin Brussels mai launin shunayya: a san ƙasa kafin a sayi iri

Masu sha'awar lambun gida sun ƙaru a garuruwanmu, wannan kuwa abin farin ciki ne. Sai dai sha'awar ta zo da wata ɗabi'a da ke damuna: mutum ya ga hoton tsiro a waya, ya aika a kawo masa irinsa daga waje, ya shuka a bayan ɗaki, bai tambayi yanayin da tsiron ya saba da shi ba. Misalin da zan ɗauka shi ne ɗan kabejin Brussels mai launin shunayya, wanda kyansa kan ɗauke hankalin mai lambu.

Tsiro ne ɗan gidan su kabeji da farin kabeji. Amma shi ba ya naɗe kai guda a ƙasa. Kara yake miƙawa, wani lokaci har kusan mita ɗaya, a gindin kowane ganye kuma sai ya fitar da ƙulli kamar girman goro. In ka yanka ƙullin biyu, za ka ga cikakken kabeji ne ƙarami, ganye a kan ganye. Sunansa daga Brussels ya samo asali, babban birnin Beljiyam, inda aka shafe ƙarnuka ana nomansa. Mai launin shunayyar kuwa an same shi ne a Holan a shekarun 1940, ta hanyar haɗa koren da jan kabeji. Cikin ire-irensa akwai Rubine da Falstaff da Red Bull. A Ingila, da wuya a yi liyafar Kirsimeti babu ɗan kabejin Brussels a faranti.

Dubi yadda mai lambu a Ingila yake renonsa. A watan Maris ko Afrilu yake binne irin, zurfin santimita ɗaya ko ɗaya da rabi, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya tsiro. Bayan mako biyar ko shida, idan ya kai santimita 10 zuwa 15, sai a yi dashe, a bar tazarar santimita 60 tsakanin kowane biyu. A nan ne gwani yake bambanta da ɗan koyo: gwani zai sa diddige ya danne ƙasar gindin sosai, domin idan ƙasa ta yi sako-sako, iska ta riƙa girgiza karan, ƙullin buɗewa yake ya zama ganye. Sai a kafa masa sanda, a rufe shi da raga don kada malam-buɗe-littafi ya yi ƙwai a ganyen, tsutsa ta cinye. Daga nan sai ban-ruwa da jira, har Oktoba ko Nuwamba. Ana fara tsinka daga ƙasan kara, ana hawa sama, wani lokaci har cikin Fabrairu. Mai shunayyar ma ƙullinsa ya fi ƙanƙanta, amfaninsa bai kai na koren yawa ba.

Sirrin duk yana cikin sanyi. Tsiron ya fi jin daɗi idan ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 15 zuwa 18. Idan raɓa ta fara daskarewa da dare, ƙullin yakan ƙara zaƙi, launin kuma ya ƙara turuwa. Wato abin da ke kashe tumatir da barkono shi ne yake gyara shi.

To, mu auna da namu. A Kano, Sakkwato ko Damagaram, hunturu daga Disamba ne zuwa Fabrairu, sai bazara ta shigo da zafin da ke haura digiri 40. Tsiron da ke neman wata biyar ko shida na sanyi ina zai same su? Zai tsiro, zai yi ganye, mai lambu ya yi ta murna, amma lokacin ƙulli zafi ya riga ya sauka. Sakamakon shi ne ƙulli a buɗe, ga ɗaci, ga ƙwari sun lulluɓe ƙasan ganye. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne wanda ya gamu da wannan sai ya ɗauka hannunsa ne ba shi da albarka, ya watsar da lambun gaba ɗaya. Alhali kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Ban ce kowa ya haƙura ba. 'Yan uwanmu mazauna Ingila, Jamus ko Beljiyam da ke da ɗan fili a bayan gida, su shuka, ƙasarsa ce. Mutanen Jos da tsaunin Mambila, inda tudu ya sa sanyi yake daɗewa, suna da hujjar gwadawa a fangali ɗaya kafin su faɗaɗa. Sauranmu kuwa, in launin ne ya ja mu, ga jan kabeji nan: sinadarin da ya rina su ɗaya ne, kwanakinsa sun fi kaɗan, a noman rani kuma ana renonsa yadda ake renon kabejin da muka saba. Ga latas da karas, duk sanyin hunturu ya ishe su.

Mai karatu, kafin ka biya kuɗin iri, juya bayan takardar irin ka karanta abu biyu: kwana nawa yake ɗauka, kuma wane yanayi yake so. In ba ka gane ba, tambayi malamin gona ko tsohon mai lambu a unguwarku. Shuka abin da ƙasarka za ta iya raino, ka ci amfanin guminka.