Buhun Shinkafa Ba Zai Wanke Mu Ba

A gabanmu ake yi, don haka kada wani ya ce bai sani ba. An binne mutum ranar Asabar, kafin sati ya zagayo 'yan'uwansa sun cika falo suna neman takardar fili, makullin mashin da katin banki. Matar tana ɗaki, hawayenta bai bushe ba. Ƙanen mijin, wanda bai taɓa saya wa yaro ko fensir ba, shi ne mai babbar murya: dukiyar gidansu ce, ita bare ce. Ranar Lahadi mu haɗu da shi a coci, yana kujerar gaba, mu gaisa. Kirsimeti na zuwa mu kai mata buhun shinkafa, mu ɗauki hoto, mu ɗora a Facebook.

Mun mayar da maganar gwauraye da marayu zancen tausayi, alhali Littafi Mai Tsarki ya ajiye ta a babin shari'a. A Fitowa sura 22, Allah ya ce idan aka zalunce su suka yi kuka zai ji, kuma hukuncin da ya ambata shi ne matan azzaluman su ma su zama gwauraye, 'ya'yansu marayu. Yaushe rabon da mu ji an yi wa'azin wannan wurin a gidan makoki? A Maimaitawar Shari'a sura 24 an hana karɓar tufar gwauruwa a matsayin jingina, an kuma hana manomi komawa ya ɗauki damin da ya manta a gona. Wannan dami ya fita daga hannunsa, rabon baƙo ne da maraya da gwauruwa. Kalar da Rut ta yi a gonar Bo'aza haƙƙinta ta tsinta, ba bara ta je ba.

Za a ce mana maganar gado ta dangi ce, coci ba ta shiga. To ikilisiyar farko ta shiga abin da bai kai gado ba. A Ayyukan Manzanni sura 6, ƙorafi ya taso cewa ana tsallake gwaurayen masu jin Helenanci wajen rabon abinci na kullum. Manzanni ba su ce a yi haƙuri a ci gaba da addu'a ba. Mutum 7 aka zaɓa, har da Istifanas, aka danƙa musu aikin. Mu muna da kwamitin gini, kwamitin sayen motar fasto, har da na ankon biki. Ina wanda zai raka mace kotu?

Kuma dokar ƙasa ma ta riga mu. A 2014 Kotun Ƙoli ta rushe al'adar Awka da ke korar matar mamaci daga gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba, a 2015 kuma aka yi dokar tarayya ta VAPP da ta mayar da muzguna wa matar mamaci da sunan al'ada laifi. Alƙali ya yi magana, mai wa'azi yana gyaran murya.

Dalilin shirun ba ɓoyayye ba ne. Ƙanen mijin yana ba da zakka mai kauri, wansa dattijon ikilisiya ne, ita kuwa ba ta da komai sai yara huɗu. A Markus sura 12 Yesu ya tona asirin malaman da ke cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a, sannan ya zauna yana kallon wata gwauruwa tana jefa 'yan kuɗinta biyu a baitulmali. Mun haddace rabin labarin na biyu, don yana amfani ranar tara baiko.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ranar da dangi suka zauna rabon kaya, dattawa biyu su zauna kusa da matar, da takarda da biro, a rubuta komai. Wanda ya ƙwace fili a dakatar da shi daga cin jibi har sai ya mayar, kamar yadda muke saurin dakatar da yarinyar da ta yi ciki.