Kwamfuta Ba Ta San Awaki Jam'in Akuya Ba Ne

Duk ɗalibin da ya taɓa neman wata kalma a littafin da ba shi da fihirisa ya san wahalar bin shafi ɗaya bayan ɗaya. Haka rumbun bayanai na kwamfuta yake fama idan aka ce ya nemo kalma cikin dubban takardu: sai ya karance su duka. Maganin wannan shi ne abin da ake kira binciken cikakken matani. Manhaja takan tsinka kowane rubutu kalma-kalma, ta jera kalmomin, ta rubuta a gaban kowace inda ta bayyana. Daga nan ba ta ƙara komawa ga takardun, fihirisar take dubawa.

Kafa wannan tsari ya yi sauƙi ainun. MySQL ya daɗe da shi, PostgreSQL kuma ya shigar da shi cikin ginshiƙinsa a shekarar 2008. Mai kula da rumbu yana iya buɗe phpMyAdmin ko pgAdmin, ya zaɓi gurbin da rubutun yake, ya ba da umarni, aiki ya kammala kafin shayinsa ya huce. To, a cikin wannan sauƙi ne haɗarin yake, domin yawanci akan bar tsarin yadda aka same shi, alhali don Ingilishi aka yanka shi.

Alal misali, manhaja takan zubar da ƙananan kalmomin da ake ganin ba su da amfani wajen bincike. A jerin Ingilishi na PostgreSQL akwai "so" da "an" da "me". Ke nan wanda ya zuba littattafan soyayya na Kano a rumbu, ya bar wannan tsari, ya kori kalmar "so" daga fihirisarsa bai sani ba! Shi kuwa MyISAM, tsohon injin MySQL, ba ya kula kalmar da ba ta kai haruffa 4 ba, sai an gyara masa. Uwa da uba da ido duk sun faɗi.

Babbar matsalar tana wajen jam'i. A shekarar 1980 Martin Porter ya fito da dabarar datse wutsiyar kalmar Ingilishi don a kai ga saiwarta, ta yadda tilo da jam'i za su haɗu wuri guda. Hausa ba ta yarda da irin wannan aski ba. Wace wutsiya za a datse wa "awaki" a sami "akuya", ko "shanu" a sami "sa"? Ko "littattafai" ma daga ciki ta sauya. Ga kuma haruffa masu lanƙwasa: wani ya rubuta "ƙasa", mai nema ya buga "kasa", su saɓa hanya. Abin da ake rubutawa 'ya'ya a Nijeriya, ƴaƴa ne a Nijar.

Wasu za su ce injunan bincike na zamani sun ƙware, a bar musu aikin. Amma kundayen digiri da ke ɗakin karatun jami'a da tsofaffin jaridun da aka adana ba sa hannun waɗannan injuna. Suna hannun ma'aikaci guda da zaɓin da ya yi ranar da ya kafa rumbun.

Abin da ya kamace shi bai fi ƙarfinsa ba. Ya ajiye tsarin Ingilishi ya ɗauki wanda ba ya datse komai, ya rage iyakar tsawon kalma. Ya adana rubutu da lanƙwasarsa, amma fihirisa ta karɓi "k" da "ƙ" duka, don gara mai neman "baƙi" ya ga "baki" ya tsallake da a ce masa babu. Batun jam'i kuwa, PostgreSQL yana karɓar ƙamusun kalmomi masu ma'ana ɗaya, wanda jeri ne kawai, kowane layi kalma biyu: gidaje gida, awaki akuya. Wannan aiki ne da malamin Hausa da na kwamfuta za su iya raba wa ɗaliban aji biyar, kowa ya ɗauki harafi guda daga ƙamusun Bargery na 1934.