Yadda rashin tsaro ke cinye kiɗan gargajiya a Sheme da kewayenta

Idan ana lissafin asarar da 'yan bindiga suka jawo wa kudancin Jihar Katsina, rayuka da dabbobi da gonaki ake fara ambata, kuma hakan ya dace. Sai dai akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi: makaɗan gargajiya na yankin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa sun rasa wuraren cin abincinsu.

Sana'ar kiɗa a ƙasar Hausa da taro take rayuwa. Mai kalangu yana bin mahauta ranar kasuwa, makaɗin noma yana bin gayya, mai goge da mai kukuma suna jiran biki da ajo, 'yan dambe kuma da makaɗansu suna jiran kaka. Duk inda taro ya gagara, kiɗa ya mutu.

A ƙarshen watan Agustan 2021, gwamnatin Aminu Bello Masari ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, ta kuma dakatar da cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, ciki har da waɗannan uku. Daga baya aka katse layukan sadarwa. An ɗauki matakan ne don kare rayuka, bayan munanan hare-hare irin sace ɗaliban makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a Disamban 2020. Amma ko bayan sassauta dokokin, tsoro bai bar mutane sun koma wasan dare a dandali ba. Biki ya zama na rana, a gaggauce, kuma mai amsa-kuwwa da waƙoƙin situdiyo ya fi ayarin makaɗa araha.

Haɗarin shi ne, wannan ilimi ba a rubuce yake ba. Ɗa yana koyon take da kirari ne ta hanyar bin ubansa zuwa fage. Idan uba ya yi gudun hijira zuwa Funtuwa ko Zariya ya kama dako, sarƙar ta tsinke. A Funtuwar nan mai maƙwabtaka da Faskari Dakta Mamman Shata ya zauna, kuma kasuwanni da bukukuwan karkara ne suka raine shi kafin ya zama gagarabadau, har rasuwarsa a 1999.

Wasu al'ummomin sun fuskanci irin wannan barazana. Mutanen Buriyat, makiyaya da ke gaɓar tafkin Baikal a Rasha da kuma Mongoliya da Sin, suna da goge mai tsirkiya biyu da kan doki a samansa, suna kuma cikin masu waƙar maƙogwaro, inda mutum ɗaya ke fitar da sauti biyu a lokaci guda. Harshensu yana ja da baya a gaban Rashanci, amma sun shigar da kiɗan cikin makarantu a Ulan-Ude, babban birninsu, sun kuma kafa bikin Altargana a 1994, wanda ke haɗa su duk bayan shekara biyu. Da tsohon fage ya ƙuntata, sai suka buɗe wa makaɗa sabo.

Ana iya yin haka a nan. Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da sashen nazarin Hausa na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa za su iya naɗar muryoyin dattawan makaɗan yankin tun suna raye, a biya su haƙƙinsu. Gidajen rediyo su ware musu fili, masarautu kuma su riƙa gayyatarsu lokacin salla. Hawan sallar Kano ya shiga kundin UNESCO a 2024, alamar cewa duniya na daraja irin wannan gado idan masu shi sun kula da shi.

Sulhun da aka ƙulla a Faskari a 2025 ya sa wasu sun fara komawa kasuwa da gona. Wata hanyar auna ƙarfinsa ita ce ranar da mutanen Sheme za su iya kwana suna kalankuwa ba tare da fargaba ba.