Filogin motocin lantarki: adafta ba za ta iya aikin hukuma ba

A Kakuri, kudu da kogin Kaduna, kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a 1975. Direban 504 na wancan zamani bai taɓa fargabar ko bakin famfon gidan mai zai shiga tankinsa ba, domin daga Barnawa har Sakkwato baki ɗaya ne. Motar lantarki, wadda hankali ya karkata gare ta tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023, ba ta gaji wannan sauƙin ba.

Najeriya kasuwar kowa ce, kowace mota kuma da filogin ƙasar da aka ƙera ta dominta. Ta Turai tana zuwa da CCS2, ta Amurka da CCS1 ko NACS. Tsohuwar Nissan Leaf tana ɗauke da CHAdeMO na Japan, wadda aka sayo daga kasuwar cikin gida ta Sin kuma GB/T. Sai mai mota ya isa tashar caji, ga wuta ga kuɗi, amma baki bai dace ba.

Amsar dillalai ita ce a sayi adafta. Gaskiya ce, amma rabinta. A cajin gida na wutar AC, wanda ke tafiya a hankali cikin dare, adafta kusan wayoyi ne kawai da ke haɗa baki da baki, kuma mai kyau tana wadatarwa. Caji mai sauri na DC, irin wanda mai tafiya Abuja daga Sabon Tasha zai buƙata a hanya, wani al'amari ne dabam. Kafin wuta ta gudana, sai mota da tasha sun yi magana kan ƙarfin da batir zai ɗauka, kuma CCS da GB/T ba harshe ɗaya suke yi ba. Adaftar da ke tsakaninsu tafinta ce mai ƙaramar kwamfuta a ciki, shi ya sa take da tsada, kuma takan yi aiki a wannan tasha ta ƙi a waccan. Wuta mai yawan gaske ke ratsa ta. Mahaɗi ya ɗan saki ko ƙurar hunturu ta shige shi, sai zafi ya taru. Wanda ya ga soket ya narke a ƙarƙashin hita ya san farkon labarin.

Hukumar NADDC ta buɗe tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. Abin da ya fi gina tasha gaggawa yanzu shi ne ita da hukumar SON su tsayar da filogi ɗaya ga duk tashar jama'a. CCS2 ya fi cancanta, domin wutar ƙasar nan irin ta Turai ce, kuma Tarayyar Turai ta tsayar da shi tun 2014.

Za a ce motoci masu araha daga Sin suke zuwa, don haka mai ƙaramin ƙarfi za a takura wa. Hujjar tana da nauyi. Sai dai kamfanoni irin su BYD suna ƙera wa kasuwannin waje motoci masu CCS2. Aikin mai shigo da kaya ne ya nemi irinsu. Motocin da suka riga suka shigo kuwa, a wajabta wa tashoshi igiya ta biyu ta GB/T na wasu shekaru, a kuma hana sayar da adaftar DC wadda SON ba ta gwada ba.