MU GINA RUMBUN LAFIYA TUN DA KAKA

'Yan'uwa manoma na jam'iyyun gama kai! Maganarmu a wannan fitowa a kan kuɗin magani ce. Mun iya haɗa kai mu sayi taki. Mun iya haɗa kai mu sayi garma da shanun noma. Amma ranar da yaro ya kwanta da zazzaɓi, ko mace ta sha wuyar naƙuda, sai mu bar maigida shi kaɗai yana zagaya gari yana neman rance. A ganinmu wannan bai dace ba. Ya kamata kowace jam'iyya a ƙasar Dauran, da Zurmi, da Shinkafi, da Kaura Namoda ta kafa asusun lafiya, ta kuma kafa shi a kakar bana.

Lokacin da ciwo yakan zo

Ku duba yadda shekara take tafiya mana. Zazzaɓin cizon sauro yakan yi ƙarfi daga Agusta zuwa Oktoba. A daidai wannan lokaci rumbu ya yi ƙasa, sabon gero bai shiga gida sosai ba, kuɗin hannu kuwa sun tafi wajen taki da ƙodago. Watau ciwo yakan same mu a watan da muka fi rashi. Mutum ya sayar da akuya, ya sayar da tunkiya. In abin ya yi tsanani sai sān noma, ko kuwa a jinginar da gona. Yaro ya warke, amma gidan ya kwanta, domin baɗi ba abin da za a yi huɗa da shi.

Wani kuwa saboda tsoron wannan hasara sai ya yi ta jinkiri. Ya sayi ƙwaya biyu a kemis, ya jira kwana uku. Kafin a hau babur zuwa babban asibitin Zurmi ko na Kaura Namoda, jinin yaro ya ƙare. Jinkirin nan ba rashin ƙauna ba ne. Rashin kuɗi a hannu ne.

Ba mu kaɗai ke cikin wannan hali ba. A Nijeriya, cikin kowace naira 100 da ake kashewa a kan lafiya, fiye da naira 70 daga aljihun mai ciwo da danginsa suke fitowa. Amma namu ya fi nauyi. Ba mu manta da sanƙarau da ya ɓarke a ƙaramar hukumar Zurmi a ƙarshen 2016 ba, wanda ya bazu zuwa jihohi da dama a 2017, ya kashe mutum fiye da 1,000. A watan Yuni na 2024 kuma, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha suka auna yara fiye da 97,000 a Shinkafi da Zurmi, suka tarar yaro ɗaya cikin huɗu yana fama da tamowa. Ga kuma rashin tsaro wanda ya hana mu gonaki da yawa, ya mai da tafiyar dare zuwa asibiti abin fargaba.

Labarin manoman ƙasar sanyi

Akwai wata ƙasa can arewacin Amurka da ake kira Kanada. Sanyinta ba irin hunturunmu ba ne. A cikin wani lardinta mai suna Saskacewan, dusar ƙanƙara takan rufe gonaki wata huɗu ko biyar, ma'aunin zafi yakan sauka har 30 ƙasa da sifiri. Ruwa in an bar shi waje sai ya zama dutse. Mutanen lardin manoman alkama ne, noma ɗaya suke yi a shekara kamar mu, gidajensu kuma nesa da juna suke.

A yau, mutumin Kanada in ba shi da lafiya, katinsa kawai zai nuna. Likita ya duba shi, a kwantar da shi, a yi masa aiki in ta kama, ya fito bai biya ko anini a bakin ƙofa ba. An riga an biya daga harajin da kowa ke bayarwa. Mai jin wannan zai ce, ai ƙasar masu arziki ce. To, bari mu ga inda abin ya faro.

A 1915, a wata ƙaramar gundumar karkara mai suna Sarnia a lardin nan, likitansu ya yi shirin tashi, domin manoma ba sa iya biyansa. Sai mutanen gundumar suka yarda a riƙa ba shi dala 1,500 a shekara daga harajinsu don ya zauna. Waɗansu gundumomi suka gani, suka yi koyi. A 1924 manoman suka kafa babbar jam'iyyarsu ta sayar da alkama tare, suka ƙara sabawa da zuba abu wuri ɗaya. Daga 1930 kuma fari ya faɗa musu shekara da shekaru, iska ta kwashe ƙasar gona, fara ta cinye saura, farashin alkama ya faɗi. Mutane da yawa suka rasa abin biyan likita.

A 1944 suka zaɓi Tommy Douglas ya shugabanci lardin. Shi dā fasto ne a garin Weyburn. Yana yaro ya yi ciwon ƙashi a ƙafa har ana batun yanke ta, iyayensa kuwa ba su da kuɗin babban likita. Wani likita ya yi masa aiki kyauta, bisa sharaɗin ɗalibansa su tsaya su kalla. Bai manta cewa sa'a ce kawai ta ceci ƙafarsa ba. Ranar 1 ga Janairu 1947 gwamnatinsa ta soma shirin asibiti na kowa da kowa: mutum ya biya dala 5 a shekara, iyali kuma kada su wuce dala 30. A ranar 1 ga Yuli 1962 aka ƙara da kuɗin ganin likita. Likitoci suka ƙi, suka yi yajin aiki kwana 23. Jama'a a garuruwa da dama suka haɗa kuɗi suka buɗe ɗakunan shan magani na gama kai, aka kuma kawo likitoci daga Ingila, har aka sasanta. Gwamnatin tarayyarsu ta yi doka a 1966, zuwa 1972 kuwa shirin ya game ƙasar duka.

Ku lissafa. Daga 1915 zuwa 1972 shekara 57 ke nan. Ba daga babban birni aka soma ba, daga ƙauye ne. Ba kuma a shekarun ƙoshi aka yi tunaninsa ba, a shekarun fari ne. Shirin nasu ma ba cikakke ba ne: akan jira watanni kafin a sami waɗansu ayyukan tiyata, kuma ba dukan maganin da mutum zai sha a gida ake biya masa ba. Amma ba wanda ke sayar da gonarsa don an kwantar da ɗansa a asibiti.

Kyauta ma akwai mai biya

Maƙwabtanmu na Nijar sun gwada wata hanya. A 2006 gwamnatinsu ta ce a duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, asibiti ya rubuta lissafi, gwamnati ta biya daga baya. Iyaye mata suka yi ta kai yara, a Maraɗi da sauran wurare, aka ceci rayuka da yawa. Amma da biyan gwamnati ya riƙa makara, bashi ya taru, sai magani ya riƙa yankewa a ɗakunan shan magani. Darasin a fili yake. Babu magani na kyauta. Ko dai mai ciwo ya biya shi kaɗai ranar da ya faɗi, ko kuwa jama'a su biya tare tun suna tsaye. Kuma in asusun ba ya cika a kan kari, sunan kyauta ba ya warkar da kowa.

A nan gida ma dokoki suna nan. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce a ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kula da lafiya a matakin farko, da nufin kowace mazaɓa ta sami ɗakin shan magani guda mai aiki. A watan Mayu na 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar inshorar lafiya, wadda ta wajabta ta a kan kowa, ta kuma tanadi asusu domin marasa galihu. Jihar Zamfara tana da hukumarta ta taimakekeniyar lafiya, watau ZAMCHEMA. Amma doka a takarda ba ta hawa babur ta zo Dauran da kanta. Sai an je an ɗauko ta.

Abin da muke ba da shawara

Na ɗaya, a taron kaka kowace jam'iyya ta yanka abin da kowane gida zai zuba, hatsi ko kuɗi. Ga misali: gida 60, kowane ya kawo tiya 10 na gero, an sami tiya 600, watau buhu 15 a lissafin tiya 40 buhu guda. Da kaka tiya 10 ba ta karya gida. A Agusta kuwa, kuɗin buhu guda yana iya zama tsakanin rai da mutuwa.

Na biyu, kada a tara hatsin wuri ɗaya, gama mun san halin da ake ciki. A sayar da kashi a sa a banki, a raba saura a ɗaki biyu ko uku. Kuɗi kada su fita sai da sa hannun mutum uku, ɗaya daga cikinsu mace. A bar ɗan abin gaggawa a hannun ma'aji domin dare.

Na uku, a rubuta tun da wuri abin da asusun zai ɗauka. Mu a ganinmu a soma da uku: kuɗin mota zuwa Zurmi, ko Shinkafi, ko Kaura Namoda, ko Gusau in an tura mutum can, haihuwa mai gardama, da ciwon yaro ɗan ƙasa da shekara 5 wanda ya kai ga kwanciya. Asusu ƙarami ba zai ɗauki kowace cuta ba. In aka yi alkawarin abin da ba za a iya ba, wata uku ya ishe shi mutuwa.

Na huɗu, a aiki mutum biyu zuwa ofishin ZAMCHEMA a Gusau, su tambayo yadda ake rajistar ƙungiya, da abin da ake biya, da asibitin da za a haɗa mu da shi, da yadda gwauraye mata da tsofaffi da marayu za su shiga rabon marasa galihu. Su dawo da amsa a rubuce. Mutum 60 masu magana da baki ɗaya sun fi mutum ɗaya kwarjini.

Na biyar, kada mu ɓata asusu a kan abin da za a iya tsarewa. Allurar rigakafi ta yara, da gidan sauro, da maganin zazzaɓin da ake bi gida gida ana ba yara wata wata da damina, da awon ciki, duk mu tsaya a kansu. Rigakafi ya fi magani, ya kuma fi shi araha.

Masu cewa ba zai yiwu ba

Wani zai ce, "In na zuba ban yi ciwo ba fa?" Sai mu ce ka gode Allah. Wanda ya je gayya a gonar maƙwabcinsa bai yi hasarar yininsa ba, domin ranar tasa tana zuwa. Wannan ba adashi ba ne da kowa zai kwashi nasa. Katanga ce da muka gina tare.

Wani zai ce, "Ma'aji zai cinye." Wannan tsoro yana da dalili, gama jam'iyyu da yawa a nan suka mutu. Maganinsa a karanta lissafi a gaban kowa kowane wata, abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma sake ma'aji bayan shekara biyu ko da mutumin kirki ne. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

Wani zai ce, "Ai aikin gwamnati ne." Gaskiya ne, ba mu kuma ce a sauke mata nauyin ba. Asusunmu ba zai gina asibiti ba, ba zai biya malamin asibiti ko ungozoma ba, ba zai kuma tsare hanyar Kaura Namoda zuwa Zurmi ba. Waɗannan hakkinmu ne, mu ci gaba da nemansu ta bakin kwamitin mazaɓa, da kansila, da hakimi, da ɗan majalisa. Amma a Saskacewan gwamnati ta bi sawun manoma ne, ba su suka zauna jiranta ba. Jama'ar da ke da littafin lissafi, suna iya cewa yara kaza muka kai asibiti bana, kaza muka kashe, ita ce hukuma take saurara.

Wani kuma zai ce, "Mu 'yan kaɗan ne." To, a buɗe ƙofa. Sauro ba ya tambayar inda mutum yake sujada. Maƙwabcinmu, ko Musulmi ko Kirista, in ya yarda da ƙa'ida ya zuba nasa, a rubuta sunansa. Yawan gidaje shi ne ƙarfin asusu, gama ba dukansu za su kwanta a wata ɗaya ba.

Saboda haka muna roƙon shugabanni da magatakardan jam'iyyu su sa wannan magana a gaba a taro mai zuwa, tun gero yana masussuka. A kira mata su ma su zauna, domin su ne suke kwana da mai ciwo, su suka san abin da ake kashewa. Jam'iyyar da ta soma ta rubuto mana yadda ta yi, da abin da ya ba ta wuya, mu buga domin saura su ƙaru. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.