Yamai Ta Fi Landan Nisa?

Duk wanda ya shimfiɗa taswira ya auna, zai ga tsakanin Kano da Yamai bai wuce kilomita 700 da 'yan kai ba. Jirgin sama na zamani kuwa yana cin kilomita 800 ko fiye a cikin sa'a guda, watau tafiyar da ba ta isa a sha shayi a huta ba. Daga Ikko zuwa Landan kusan kilomita 5,000 ne, jirgi yana yinsa cikin sa'a shida da rabi. Amma sau da yawa wanda ya nufi Ingila yakan riga wanda ya nufi Yamai sauka. Wannan al'amari ya isa mu tsaya mu dube shi.

Dalili shi ne, matafiyin Yamai yakan gangara Ikko tukuna, daga nan ya ƙetara Lome ta ƙasar Togo, ya zauna jiran wani jirgin, sa'an nan ya sake hauro wa arewa. In aka haɗa, ya yi wajen kilomita 1,900, kusan ninki uku ke nan, yini kuma ya tafi a kan benci. Haka labarin Njamena yake, ita ma kimanin kilomita 700 ce daga Kano. Mahajjaci kuwa, da kakanninsa sukan shekara a ƙasa ta Chadi da Sudan, yau yana cin kilomita 3,400 zuwa Jidda cikin wajen sa'a biyar.

Ba sabon shiga ba ne mu a wannan harka. Tun a 1925 jiragen sojan Ingila suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma kamfanin KLM ya daɗe yana haɗa Kano da Turai kafin ya daina a 2012. Sai dai Turawa sun shata hanyoyin sama ne yadda suka shata na dogo, kowace ta nufi inda amfaninsu yake. Bayan samun mulkin kai aka yi yunƙurin gyara, amma Air Afrique ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya bi shi a 2003. An yanke shawara a Yamusukuro a 1999 cewa ƙasashen Afirka su buɗe wa juna sararin samaniyarsu, aka kuma ƙaddamar da kasuwar jiragen sama ta bai ɗaya a Addis Ababa a 2018. Takardu dai an sa musu hannu. Izinin sauka da haraji mai nauyi a kan tikiti su ne suka ci gaba da tare hanya.

Masu cewa babu fasinja, muna roƙonsu su leƙa Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau, su ƙirga fataken Nijar da Chadi da ke kwana a mota. Ba katafaren jirgi ake bukata ba, ƙarami mai kujera 50 ko 70 ya wadatar, in kuɗinsa bai fi ƙarfin ɗan kasuwa ba.

Mu da ke karatu yau, da 'yan'uwanmu da suka fara aikin gwamnati, a teburinmu waɗannan fayiloli za su sauka. In takardar neman izinin tashi daga Kano zuwa Yamai ta zo, kada ta kwana a ƙarƙashin ta Landan.