Ina Makarantar Ray Charles?

Jama'a, mun kalli "Ray", fim ɗin 2004 na tarihin makahon mawaƙin Amurka, Ray Charles, kuma ba mu gamsu ba. An cika mana ido da shan ƙwaya da neman mata, sai ka ce su suka koya masa kiɗa. To, ina shekara 8 da ya yi a makarantar kurame da makafi ta St. Augustine, daga 1937 zuwa 1945? Can ɗan talakan nan ya koyi rubutun makafi da kiɗan fiyano bisa ƙa'ida. Masu fim sun nuna uwarsa tana sallamarsa, suka tsallake ajin, don darasi ba ya kawo kuɗin ƙofa. Sun zalunci malamansa, sun kuma ruɗi iyayen makafi da zaton baiwa kaɗai ta isa.